Kwana Goma Sha Shida Tare da Masu Gogen Turawa

Ƙanena likita ne a Landan, ya fi shekara talatin a can. Tun farkon 2024 yake kirana a waya kan magana guda. Babbar 'yarsa ta ƙi karatun likita, ta ƙi na lauya, ta kama kiɗa ta riƙe hannu bibbiyu, ga shi shekarunta 27. Kullum ƙarshen maganarsa shi ne, "Yaya, kai take jin maganarka. Ka zo ka gani da idonka, ka yi mata faɗa." Shi ya aiko da takardar gayyata, shi ya biya kuɗin jirgi. Ni kuma na biya kuɗin biza, fam 115, a lokacin da fam ɗaya ya haura naira dubu biyu. A tsakiyar Satumba, ana shirin yankan gero, na ɗaura niyya.

Daren da nake haɗa kaya na ɗauko gogen Kawu daga saman kwaba. Kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, ɗan goge ne, da shi ya ci ya sha har Allah Ya karɓi abinSa. Muna yara ba a son mu riƙa zuwa wurinsa, domin a unguwarmu da an ce goge sai a tuno da bori da gidajen dare. Bai bar magaji ba. Abin da ya rage nasa shi ne gogen nan da kaset ɗaya. Na so in tafi da gogen in nuna wa 'yar tawa, amma ƙanena ya ce kada in kuskura, saboda fatar guza ce aka rufe ƙwaryar da ita, kuma jami'an kwastan na can suna iya ƙwacewa. Ya ce kilishi ma in bar shi, ba a shiga da nama. Sai na mayar da gogen inda yake, na sa wani yaro ya juye mini kaset ɗin cikin waya, na cika jaka da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji.

Mun bar Kano bayan asuba, muka bi ta Zariya zuwa Kaduna. Shingayen jami'an tsaro sun fi goma, amma sau biyu kawai aka sa direba ya buɗe but. A Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, na kwana gidan wani abokina a Kubwa, washegari muka tashi daga Abuja. Awa shida da 'yan mintuna muka sauka Heathrow. Jami'ar shige da fice ta tambaye ni inda zan sauka da ranar da zan koma, ta duba tikitin dawowa, ta buga mini hatimi.

Gidan ƙanena yana arewacin birnin. Matarsa ta tarbe ni da tuwon shinkafa, ta kaɗa miya da kukar da na zo da ita tun kafin in gama kwance jaka. Bayan magariba aka buɗe ƙofa, sai ga 'yar tawa ta shigo da wani akwati goye a bayanta, ta sauke shi a hankali kamar mai sauke jariri, sannan ta durƙusa. "Baffa, sannu da zuwa, ya hanya, ya su Hajiya?" Hausarta da ɗan gargada amma tana fita. Da muka zauna na lura da wani baƙin tabo a wuyanta ta hagu, ƙasan muƙamuƙi. Na tambaye ta ko ƙuna ce. Ta ce a'a, wurin da take matse abin kiɗan ne, kusan duk masu sana'ar suna da shi. Ta miƙo mini hannun hagu in taɓa. Kan yatsunta huɗu sun yi kanta kamar na manomi.

A daren ta ba ni tarihin karatunta, na riƙa ƙirgawa da yatsu. Ta fara da ƙaramin bayolin, wato gogen Turawa, tana shekara 6 a firamare. Akwai jarrabawar kiɗa mai mataki takwas da yara ke hawa a Ingila, ta gama su tun ba ta gama sakandare ba. Daga shekara 10 ba ta sake sanin hutun Asabar ba, domin manyan kwalejojin kiɗa na Landan suna da sashen yara da ke zama ranar Asabar tun safe har yamma. Tana 16 malaminta ya ce hannunta da kunnenta sun fi dacewa da biyola, wadda ta ɗan fi bayolin girma, ta koma can. Sai digiri na shekara huɗu, sai na biyu shekara biyu. A duk tsawon lokacin nan awa huɗu zuwa biyar take yi kullum ita kaɗai a ɗaki tana gwaji. Shekara 21 ke nan. Na kalli ƙanena na ce, "Kai shekara nawa ka yi kafin a kira ka likita?" Bai amsa ba, ya tashi ya kawo shayi.

Ya kamata in yi wa mai karatu bayanin irin kiɗan. Abin da muka fi gani a talabijin shi ne babbar ƙungiya mai mutum saba'in ko tamanin, da madugu a gaba yana kaɗa sanda. Nata ba shi ba ne. Nata an faro shi ne a zaurukan sarakuna da attajiran Turai, mutum uku, huɗu ko biyar suna yi wa mai gida da baƙinsa, don haka ni kiɗan zaure nake kiransa. Mafi daraja a cikinsa shi ne kwatet, wato mutum huɗu: bayolin biyu masu siririyar murya, biyola mai murya tsaka-tsaki, da celo, babban da ake zama a rungume shi tsakanin gwiwoyi. Dukkansu tsirkiya huɗu gare su, kuma da baka ake goga su. Babu madugu, babu ganga, babu mai waƙa.

Ranar Talata ta tafi da ni wurin gwajinsu, wani ɗaki a ƙarƙashin ginin unguwa da suke haya awa-awa. Su huɗu ne: ita, da wata 'yar Koriya, da wani ɗan Sifen, da mai celo ɗan Sikotilan. Shekararsu uku tare. Suka zauna kamar rabin da'ira, kowa da takardar kiɗa a gabansa da fensir. Kafin su fara, na ga kowa ya ɗauko wani ɗan dunƙulen ƙaro yana goga wa bakansa. Gabana ya faɗi, don haka Kawu yake yi sak. Na karɓi bakanta na duba, ashe izgar doki ce, irin dai wadda ke jikin gogenmu. Ta ce duk bayan 'yan watanni sai an kai wa gwani ya sauya izgar.

Kiɗan Haydn, wani mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya na ƙarni na 18, suke gyarawa. Na ɗauka za su kama daga farko su kai ƙarshe in ji daɗi. Ina! Wani ɗan guntu da bai fi daƙiƙa ashirin ba suka tsaya a kai kusan minti arba'in. Su buga, mai celo ya ɗaga hannu ya ce 'yar Koriya ta riga shi shiga. Su sake, ɗan Sifen ya ce sautin 'yata ya ɗan hau sama. Sai suka bar waƙar gaba ɗaya suka riƙe sauti guda, celo ya fara, biyola ta hau kansa, sannan sauran, kowa yana matsar da yatsa abin da bai kai faɗin gashi ba. Ni da ba ni da kunnen abin, sai da na ji lokacin da ya daidaita, don ɗakin ya cika da wani amo kamar mutum ɗaya ne mai ƙaton ƙirji yake nishi. Suka yi alama da fensir, suka wuce.

Abin da na fi zuba wa ido shi ne yadda suke farawa tare ba tare da wani ya ƙirga ba. Sai can na gano. Mai bayolin na farko tana jan numfashi ta hanci da ɗan ƙarfi, sauran su ja tare da ita, a kan wannan numfashin bakunan huɗu ke sauka. Wani wuri kuma mai celo ne ke jan numfashin, wani wuri 'yata. Jagorancin yana yawo a tsakaninsu gwargwadon wanda waƙar ta faɗo hannunsa. Gardama kuwa sun yi ta har fuskar ɗan Sifen ta yi ja. Da muka fito na tambaye ta, idan an rabu biyu da biyu wa ke raba gardama? Ta ce, "Baffa, ƙa'idarmu ita ce duk wanda ya kawo shawara, ko ba ka so, sai ka buga ta da zuciya ɗaya kamar taka ce. Bayan an ji sannan a yi magana." Ta ce kwalejin ta koya mata sarrafa yatsu, amma faɗa wa abokin aiki ya yi kuskure sau talatin a yini kuma ku rabu lafiya, wannan a ɗakin nan ta koya. Awa huɗu suka yi ran nan, kuma haka suke yi kwana huɗu ko biyar a mako. Babu mai biyansu ko sisi a kan waɗannan awoyi.

Maganar kuɗin muka yi a wani shagon 'yan Turkiyya inda muka ci gurasa da gasasshen nama na halal, fam 12 kowane mutum. Ban ɓoye ba na tambaye su, da me kuke ci? Mai celo ya lissafa mini. Idan an gayyace su wasa, dillalin da ya samo musu aikin zai cire nasa, a cire kuɗin jirgin ƙasa da masauki, abin da ya rage a raba huɗu. Idan tafiyar ta jirgin sama ce tikiti biyar suke saye, domin celo ba ya shiga cikin kaya, kujera guda ake saya masa kusa da mai shi. Tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai kuma, zuwa wasa Jamus ko Faransa ya ƙaru da cike-ciken takardu. 'Yar Koriya da ɗan Sifen suna fama da sabunta izinin zama, irin faman da namu ke yi. Saboda haka kowannensu yana da wata hanyar. 'Yata tana koyar da yara kwana biyu a mako, wani lokaci babbar ƙungiya ta kira ta ta cike gurbin wanda ba shi da lafiya. Ɗan Sifen yana kiɗan bikin aure ranar Asabar.

Tsanin da suke fatan hawa shi ne gasa. Akwai wadda ake yi a Wigmore Hall, wani zauren kiɗa a Landan, duk shekara uku, wadda aka faro a Portsmouth a 1979, kuma waɗanda suka fara cinye ta su ne kwatet ɗin Takács, samari daga Hangari da suka haɗu suna ɗalibai a Budapest a 1975, daga baya suka koma Amurka suka zauna a jami'ar Colorado. Akwai ta Banff a Kanada, ita ma duk shekara uku, tun 1983. Wanda ya ci irin waɗannan, dillalai za su neme shi, a buɗe masa ƙofofin manyan zauruka. Akwai kuma gidauniyar YCAT a Landan da ke zaɓen matasa ƙalilan ta yi musu dillanci na wasu shekaru, da shirin gidan rediyon BBC na sababbin makaɗa. Amma ƙungiyoyin da ke neman waɗannan gurabe sun ninka guraben sau da yawa, kuma da dama suna watsewa kafin su kai ko'ina. Mutum ɗaya ya yi aure ya ƙaura, ko kafaɗarsa ta samu matsala, shi ke nan sauran ukun sun koma neman wanda zai dace da su, su yi watanni suna gwada mutane.

Ranar Juma'a na yi salla a babban masallacin da ke gefen Regent's Park. Daga nan muka taka da ƙafa zuwa Royal Academy of Music a titin Marylebone, kwalejin da aka kafa a 1822. Suna da ɗakin ajiyar kayan tarihi, shiga kyauta. A nan na tsaya gaban wata biyola da Antonio Stradivari ya sassaƙa a garin Cremona na Italiya a 1696. 'Yata ta ce biyolar da ya yi waɗanda suka rage a duniya ba su wuce kamar goma ba. Wani bayolin nasa na 1721 an sayar da shi fam miliyan 9.8 a 2011, aka ba da kuɗin don taimakon waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Japan. Makaɗi ba ya iya sayen irin wannan. Bankuna da gidauniyoyi da attajirai ke saye su ba gwanaye aro, ita ma kwalejin tana ba ɗalibanta aron wasu daga cikin nata. Ta 'yata wani masassaƙi mai rai ne ya yi ta, amma duk da haka har yanzu tana biyan bashinta. Ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa kuwa, kuɗin makarantarsa kawai ya haura fam 20,000 a shekara. Na tuna Kawu, wanda da hannunsa ya fafe ƙwaryarsa, ya samo fatar wurin maharba, izga kuma wurin 'yan doki.

Lahadi da hantsi muka je Wigmore Hall, tikitin bai kai fam 20 ba. Ƙaramin zaure ne mai kujera kusan 550, da wani zane a ƙubbar da ke saman dandamali. Kamfanin Bechstein na Jamus mai ƙera fiyano ne ya gina shi a 1901, aka ƙwace a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka sake buɗe shi da sabon suna a 1917. Babu lasifika ko ɗaya, amma daga kujerun baya kana jin jan numfashin makaɗan. A nan 'yata ta ba ni labarin kwatet ɗin Amadeus, waɗanda suka fara wasa a wannan zaure a Janairun 1948. Uku daga cikinsu Yahudawa ne da suka gudo daga Biyana, babban birnin Ostiriya, Ingila kuma ta tsare su a sansanoni a farkon yaƙi a matsayin 'yan ƙasar abokan gaba, sanayyarsu ta ƙullu tun daga can. Shekara arba'in suka yi ba a sauya mutum ɗaya ba. Da mai biyolarsu Peter Schidlof ya rasu a 1987, sauran ukun suka ce ba za su sa wani a kujerarsa ba, suka rufe ƙungiyar suka koma koyarwa.

Zaman zauren ya yi mini nauyi da farko. Ba a motsi, ba a magana, tari ma sai an danne. Waƙar kashi huɗu ce, kuma ba a tafi sai an gama duka. A wurinmu idan ɗan goge ya taɓo inda ke yi wa mutum daɗi, nan take za ka ji guɗa, wani ya miƙe ya yi liƙi, makaɗin ya kalle shi ya juya kiɗan zuwa kirarinsa. Kawu idonsa a kan jama'a yake, su ne takardarsa. Waɗannan idonsu a kan juna yake. Har yanzu ina ganin namu ya fi kusa da mutane, kuma kuɗin liƙi daga hannun mai jin daɗi yake zuwa goshin makaɗi, babu dillali a tsakani. Amma abin da suka buga ran nan an rubuta shi fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, ga shi matasa suna zubar da gumi a kansa. Haydn ɗin nan shi ma makaɗin fada ne. Kusan shekara talatin ya yi yana hidima a gidan sarautar Esterházy, yana sa kayan fadawa, yana rubuta abin da ubangidansa ke so. Sai bayan rasuwar ubangidan a 1790 ya samu sakewa ya zo Landan a 1791, har jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Bambancinsa da makaɗan fadarmu shi ne nasa yana kan takarda.

Mako na biyu ta ce akwai inda take so ta kai ni. Muka hau jirgin ƙasa daga tashar Paddington zuwa Penzance, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, tafiyar da ta ɗara Kano zuwa Abuja, awa biyar da ɗoriya. Ta sayi tikitin tun da wuri, ya kama kusan fam 90 zuwa da dawowa. Bayan Exeter layin dogon yana bin bakin teku, a Dawlish har kana ganin igiyar ruwa tana dukan katanga daga tagar jirgi. Muka haye kogin Tamar ta gadar ƙarfe da injiniya Brunel ya gina, wadda aka buɗe a 1859, muka shiga Cornwall. Gab da isa, sai ga wani tsibiri da gini a ƙololuwarsa, St Michael's Mount, wanda ake takawa da ƙafa idan ruwa ya janye.

Mun sauka gidan wata dattijuwa mai ba da hayar ɗaki da karin kumallo, fam 85 kowane ɗaki a dare. Da ta ji ba ma cin naman alade sai ta soya mana ƙwai da kifi, ta kuma nuna mini inda gabas take da na tambaya. Abincin garin shi ne wani fanke mai kauri da ake cusa wa nama da dankali a gasa. Muka sayi mai cuku da albasa. Sanyi kuwa, iskar tekun ta fi hunturun Kano shiga ƙashi, sai da na ɗora rigar sanyin ƙanena a kan babbar riga.

Washegari muka hau bas zuwa wani ƙauye, Rosudgeon, daga nan muka gangara da ƙafa ta wata siririyar hanya mai shinge a gefe da gefe har bakin teku. Wurin sunansa Prussia Cove. Ya samo sunan ne daga wani ɗan fasa-ƙwauri na ƙarni na 18, John Carter, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Prussia. Babu kanti, babu gari, sai duwatsu da ruwa da wani tsohon gidan dutse. A nan ne tun 1972 makaɗan zaure daga ko'ina a duniya ke taruwa. Wani gwanin bayolin ɗan Hangari, Sándor Végh, shi da wani Bature Hilary Tunstall-Behrens suka kafa abin. Bayan rasuwar Végh a 1997 jagorancin yana hannun mai celo Steven Isserlis. Wajen Afrilu ɗalibai ke zuwa ɗaukar darasi wurin manya, 'yata ma ta taɓa zuwa sau ɗaya. A Satumba kuma gayyata ce, a haɗa tsoho mai shekara saba'in da yarinya mai ashirin da biyar a ƙungiya ɗaya, su yi mako guda a kan waƙa ɗaya ko biyu, su ci abinci a teburi ɗaya. Ta ce a Amurka ma akwai irinsa a Marlboro tun 1951.

Ba mu shiga ba, don ba a gayyace mu ba. Muka zauna kan dutse a gefen hanyar masu tafiya da ƙafa. Idan iska ta juyo sai ta kawo mana kiɗa daga tagogi, idan ta juya sai ƙarar ruwa kawai. A nan ta jero mini salsalar Végh. Ya yi karatu wurin Jenő Hubay a Budapest. Hubay ya yi wurin Joseph Joachim, aminin shahararren mai tsara kiɗa Brahms. Joachim ya yi wurin Joseph Böhm a Biyana. Shi kuwa Böhm, a 1825 ya jagoranci buga ɗaya daga cikin waƙoƙin kwatet na ƙarshe da shahararren mai tsara kiɗa Beethoven ya rubuta, kuma Beethoven da kansa ya zauna a wurin gwajin, yana bin bakunansu da ido domin a lokacin ya kurumce. Ta ce takarda tana gaya maka sautin da za ka buga, amma nauyin da za ka ɗora wa baka da inda za ka ja numfashi, sai daga hannun wani zuwa naka. Na ce mata mu ma haka malamanmu ke karɓar karatu, wane daga wane.

Sai na ciro waya na kunna mata kaset ɗin Kawu. Sautin ya dusashe, ana jin hayaniyar mutane da ƙwarya a baya. Ta sa wayar a kunne ta rufe ido. Da ya ƙare ta ce in sake. Sau huɗu muka ji. Ta buɗe akwatinta a kan dutsen, ta ɗora biyola a wuya, ta fara laluben waƙar. Ta kamo hanyar cikin 'yan mintuna, amma ta tsaya ta girgiza kai. "Baffa, akwai sautukan da yake yi waɗanda suke tsakanin namu, kuma yatsunsa ba sa danne tsirkiyar har ƙasa. Wa ya koya masa?" Na gaya mata abin da na sani, cewa ya bi wani tsoho yana ɗaukar masa kaya tun yana yaro. Ta ce sunan tsohon fa? Na yi shiru, hawaye ya zubo mini. Babu wanda ya taɓa tambayar Kawu wannan a gidanmu, har da ni.

Da daddare mahalarta taron sun yi wasa a wata tsohuwar coci a wani ƙauye kusa. Na yi jim kafin in shiga. 'Yata ta ce ba ibada ake yi ba, ginin kawai aka ara saboda ba su da wani zaure. Na yi sallar magariba a masauki, muka je muka zauna a baya. Mutanen ƙauye ne suka cika wurin, yawancinsu tsofaffi, wasu da bargo a cinya. Cikin masu kiɗan akwai wani dattijo mai furfura da wata yarinya da ba ta kai 'yata ba, suna zaune kafaɗa da kafaɗa. A wani wuri waƙar ta koma hannun yarinyar, sai na ga dattijon ya rage sautinsa har ya kusa ɓacewa, ya karkato kai yana binta.

Da muka koma Landan, daren da zan taho, ƙanena ya same ni a ɗaki ya ce, "To Yaya, ka yi mata maganar?" Na ce na yi mata magana a kan ta riƙa ajiye wani abu duk wata, ta kula da kafaɗarta, ta riƙe salla a duk inda tafiya ta kai ta, kuma ta riƙa zuwa gida. Amma ban ce ta bari ba, ba kuwa zan ce ba. Na gaya masa tsoronsa na kuɗi gaskiya ne, na gani da idona, sana'ar ba ta da tabbas. Sai dai yarinyar ba shashanci take yi ba, ban taɓa ganin masu aiki tuƙuru kamar yaran nan huɗu ba. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa wurin gwajinsu. Ya ce wasa dai ya je, gwaji bai taɓa ba. Na ce ya je ranar Talata ya zauna awa huɗun nan.

Dawowa ba ta da labari, sai jinkirin awa biyu a Abuja da ruwan sama da ya raka mu daga Kaduna har Kwanar Dangora. Kwana biyu da isowata na sauko da gogen Kawu. Izgar duk ta tsintsinke, fatar ta tsage ta gefe ɗaya. Na yi mako uku ina cigiyar mai gyara, kafin a kwatanta mini wani tsoho a wani ƙauye bayan Wudil. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Ya juya gogen a hannunsa, ya ƙwanƙwasa ƙwaryar, ya ce lafiyarta ƙalau, amma in ba shi sati biyu ya nemo izga. Na gaya masa akwai 'yata da za ta zo daga Ingila a Disamba, tana so ta zauna wurinsa kwana biyu. Kafin in tashi na ciro takarda na rubuta sunansa, da sunan wanda ya koya masa, da na wanda ya koya wa wancan.